Ranar da Yaya Ta Fitar da Gado

Ku da kuka dame ni da saƙo kuna tambayar inda aka kwana a maganata da Mai Batir, ku yi haƙuri da shirun da na yi. Ba jan aji ba ne. Tun makon jiya yayata ta daina kwana a gadonmu, ta koma shimfiɗa bargo a ƙasa. Na yi tambayar duniya ta ƙi faɗa min dalili, sai yau da yamma na sani. Yanzu haka da nake muku rubutun nan a ƙasa nake zaune, na jingina da bango, don gadon ba ya ɗakin.

Bari in ɗan koma baya saboda waɗanda suka shigo a tsakiya.

Mu biyu Umma ta haifa. Yaya ta ba ni shekara huɗu, amma duk wanda ya gan mu tare ni yake ɗauka babba. Tsayinta iya kafaɗata, kanta ɗan ƙarami, ga gilashi mai kauri, ga na'urar ji a kunnen dama. Abba, Allah ya jiƙansa, Yaya Ƙarama yake ce mata. Ita kuwa da ta karanta sunan a bakinsa sai ta haɗe rai ta ce, "Babba ce."

Yadda aka yi ta zo a haka, mun ji a bakin Umma har mun haddace. Ba da kuka take ba da labarin ba, tana saƙa take ba da shi, zare a cinya. Lokacin tana aiki a gidan renon yara, cikin Yaya bai fi wata biyu ba, ko Abba bai gama sani ba. Wata yarinya ta zo da 'yan ƙuraje a fuska. Bayan wasu kwanaki Umma ta ji ɗan zazzaɓi, bayan kunnenta ya yi kaluluwa, ƙuraje jajaye ƙanana suka feso mata, kafin mako ya zagayo sun baje.

"Ko kwanciya ban yi ba," in ji ta. "Ko fashin aiki ban yi ba. Mura ma ta fi shi wahalar da mutum."

Ta ci gaba da saƙa wa abin da ke cikinta huluna, kala-kala. Ranar haihuwa nas ta zagaya kan jaririya da tef ɗin awo, ta duba, ta sake zagayawa, sannan ta fita ta kira wata. Da Umma ta sa mata hular farko, sai hular ta zarce har hanci.

Daga baya likita ya zaunar da su ya ce sunan ciwon rubela. Yana kama da baƙon dauro, kuma ga babba ba wani abu ba ne. Amma in ya kama mai ƙaramin ciki, ƙwayar cutar takan bi ta mabiyiya ta isa wurin ɗan tayi daidai lokacin da ake gina masa ƙwaƙwalwa da ido da kunne, sai ta rage wa ginin sauri. Ƙwaƙwalwa ce ke tura ƙoƙon kai ya buɗe, in ta yi jinkiri shi ma sai ya tsaya jiranta. Ya ce ba laifin kowa ba ne, kuma ba abin da ke bin jini ba ne. Umma ta yi shi ta gama, ba zai sake kama ta ba, kuma akwai allurar rigakafinsa. Ni an yi min tun ina ƙarama.

Umma ta dawo gida ta warware hulunan nan duka, ta sake saƙa su daidai kan 'yarta. Har yau in ta kawo nan a labarin sai ta ce, "Zaren ma har ya yi saura," ta sunkuyar da kai ta ci gaba da saƙarta.

Jinkirin Yaya shi ya sa muka tashi kamar tagwaye. Ba ta taka ba sai da ta ga na fara tsayuwa, Abba ya ce kishi ne ya miƙar da ita. Tare muka koyi magana, ni da kunne, ita da ido, bayan an cire mata yanar da aka haife ta da ita. Na'urar tana kawo mata rabin sauti, sauran rabin a leɓen mutum take tsinta. Shi ya sa a gidanmu ba a magana an juya baya, ba a yi da loma a baki.

Inda gizo ke saƙar shi ne, akwai kalmomin da a leɓe kamarsu ɗaya, kunne ne kaɗai ke raba su. Ran da Abba ya ce mu shirya za mu shiga gari, Yaya ta yi ta dariya har da riƙe ciki, ta je kicin ta ɗauko robar garin fulawa ta dire a gabansa, wai ya shiga ta gani. In na dawo makaranta na ce jarrabawa ta yi wuya, sai ta zo ta shafa min wuya tana min sannu. Mu yi dariya, ita ma ta yi, a gyara mata a wuce. Ina kewar lokacin nan, Allah ya sani.

Abba mai walda ne, shi ya ƙera mana gadon da hannunsa. Na ƙarfe ne, fenti shuɗi, da ɗan shinge a gefe ɗaya saboda Yaya takan mirgino. Da noti ya haɗa shi, wai don ran da za mu tashi daga gidan haya kada ya gagari ƙofa. A kansa na koya mata haruffa, ita ta koya min ninke kaya, don har gobe ninkina ba ya burge ta. In an kashe fitila ba ta ganin bakina, sai muka ƙirƙiro tamu hirar, in rubuta mata kalma da yatsa a gadon baya ta canka, ita ma ta rubuta min. Tata kalmar kullum ɗaya ce, sunana, amma dole in yi kamar ina tunani kafin in faɗa. Da Abba ya rasu ita ta riƙe akwatin kayan aikinsa, ba ta barin kowa ya taɓa. Fanka, rediyo, kan famfo, babu abin da ba ta kwance ba a gidan nan. Wasu ma ta mayar.

To, Mai Batir. Shagon agogo gare shi kusa da inda ake jiran bas, ɗan tsukukun wuri mai kanta ta gilashi, agoguna a bango kowanne da lokacin da ya ga dama. A wurinsa ake samun ƙananan batiran da na'urar Yaya ke ci. Ranar farko da muka je, na buɗe baki zan yi bayani kamar yadda na saba, sai ya cire madubin da ke idonsa, ya dubi Yaya, ba ni ba, ya ce, "Wace lamba kike sawa?"

Ku ba za ku gane ba. Tun tasowarmu, duk inda muka je ni ake tambaya me take so, tana tsaye. A nan na faɗa tarkon sonsa, ban ma kai ga ganin ko yana da kyau ba. Daga baya na duba, ba laifi, sai dai kunnuwa Allah ya yi masa wadatarsu.

A wayata Batir na sa masa, har yau.

"Wai ba za a ƙara min girma ba?" ya taɓa rubuto min. "Ko Zumana, ko Nawa, irin na mutane?"

"Batir ya fi," na ce. "In ka mutu ai komai ya tsaya."

"Wannan yabo ne ko addu'a?"

Haka muka yi ta tafiya har magana ta kai ga manya. Makon jiya mahaifiyarsa, Hajiya, ta ce za ta zo ita da ƙanwarta su ga gida su ga Umma.

Ranar zuwan nasu, tun da hantsi Gwaggo, ƙanwar Abba, ta iso cikin leshi mai nauyi, turarenta ya riga ta hawo matakala. Ta duba labule, ta sa aka juya kujerar da ta yage ta koma jikin bango, ta ce in cire doguwar rigata ruwan toka in sa mai ruwan zuma. Sannan ta ja Umma gefe, ta juya wa Yaya baya, don ta san dokar gidan kuma ta san yadda ake karya ta.

"A kai ta wurin maƙwabta har su tafi."

"A gidan ubanta take," in ji Umma.

"Ni ma ai 'yata ce. Amma ba a nuna wa baƙo komai a zuwan farko."

"Ita ba komai ba ce, Gwaggon yara. Yayar amarya ce."

Yaya kuwa tun ana gobe za su zo ta goge rigarta rawaya, ta goge mayafina, ta goge har tsumman tire. Da baƙin suka zauna ita ta shigo da shayi da biskit, tana tafiya a hankali, harshe a gefen baki. Ko ɗigo bai zuba ba. Ta durƙusa ta gaishe su da muryarta mai ƙarfi, don ba ta jin kanta sosai.

Hajiya doguwa ce, mai sanyin magana, mayafinta fari mai ɗan aiki a baki. Ta amsa gaisuwar da fara'a, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma na ga inda idonta ya sauka, na ga ya daɗe. Ƙanwarta kuma, mai zobe a kowane yatsa, ta ajiye kofi ta ce, "Allah sarki. Tun haihuwa ne?"

Umma ta gyara zama ta fara, "Ina da cikinta ne na yi wani ɗan zazzaɓi..."

"Faɗuwa ta yi," Gwaggo ta tari numfashinta. "Tana jaririya, daga hannun mai reno. Mu kaf danginmu babu irin wannan."

Umma ta dubi Gwaggo, Gwaggo ta dubi labule. Hajiya ta dubi ƙanwarta. Ni kuwa na dubi ƙasa ina roƙon ta tsage. Aka ƙarasa shayin da hirar tsadar haya. Da suka tashi tafiya Yaya ta karɓi jakar Hajiya ta raka su har ƙasa, ni kunya ta hana ni sauka.

Bayan magariba saƙonsa ya shigo.

"Hajiya ta ce a ɗan dakata."

"A dakata da me?"

"Ƙanwarta ce ta tsorata ta. Wai abin gado ne, zai fito a 'ya'yanmu."

"Kai me ka ce?"

"Duk abin da kika faɗa min na faɗa mata. Har wurin wata likita na ce mu je ta ji da kunnenta."

"Sai ta ce me?"

Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa.

"Ta ce in zazzaɓi ne, me ya sa gwaggonki ta ce faɗuwa ce? Wai mai gaskiya ba ya amsa biyu."

Na kifa wayar a kan filo. Gwaggo ta zo gyaran gira ta tsone ido, kuma ba ta ma san ta yi ba. Washegari ita ce da kira.

"Ai na faɗa muku. Yanzu mafita ɗaya ce, ta dawo wurina da zama har a ɗaura. In ido bai gani ba zuciya za ta manta."

"Bayan an ɗaura fa, Gwaggo? In na haihu in ce wa 'ya'yana ba su da inna?"

"Ke dai ki shiga tukuna. Kina ganin maza a kan bishiya suke?"

Umma kuwa a duk kwanakin nan saƙa take tana warwarewa. Rana ɗaya ina wanke kofuna na ji ta ce, ba da ni take ba, "Da na ɗauki hutu a makon nan da yarinyar ta zo." Shekara kusan talatin ke nan, ashe har yanzu tana can a gidan renon.

Ba zan ɓoye muku ba, ina son sa. Ina son sa har ina jin haushin kaina. Amma auren da sai an ɓoye Yaya kafin a ɗaura shi, ban san ta wace ƙofa zan shige shi ba. Kuma in ya fasa, ban san yadda zan riƙa wucewa ta gaban shagon nan ina sayen batir ba.

A cikin wannan halin ne Yaya ta sauka daga gado. Ranar da baƙin suka zo, da lokacin kwanciya ya yi, ta ɗauki filonta da bargo ta shimfiɗa a ƙasa. Na taɓa kafaɗarta ta juyo.

"Mun yi faɗa ne?"

"A'a."

"Bayanki zai yi ciwo."

"Koyo nake."

"Koyon me?"

Ta sa yatsa ta kashe na'urarta. Haka take rufe taro in ta gaji da mutum. Na ɗauka fushi take don na daina hira da ita, kullum ina manne da waya. Gadon ya yi min faɗi, na yi ta juyi ina cin karo da shingen Abba.

Yau na taso daga makarantar da nake koyarwa, jaka cike da littattafan yara, na karyo kwanar layinmu sai na hango shuɗin ƙarfe jingine da bangon gidan. Kan gado, ƙafafu, shinge, kowanne daban. Katifa an naɗe ta an ɗaure da igiyar shanya. Notuna an zuba su a gwangwanin madara, manya daban ƙanana daban. Maƙwabta sun leƙo ta taga. Yaya tana zaune a kan akwatin Abba, gumi ya jiƙa mata riga, bayan hannunta ya kurje. Umma ta je sayen zare, ita kuma ta kwance gadon ta sauko da shi daga hawa na biyu ita kaɗai.

Ban kai ga buɗe baki ba wata mota ta tsaya. Mai Batir ya fito da sauri, ko ƙofa bai rufe ba.

"Lafiya? Tashi za ku yi?"

Ya nuna min wayarsa. Yaya ce ta tura masa hoton ƙarafan, a ƙasa ta rubuta da manyan haruffa irin nata, ZO DAUKI YAU. Ya ɗauko Hajiya daga asibitin ido ke nan saƙon ya same shi, ya zaci wani abu ne ya faru, ya juyo da motar bai ko sauke ta ba.

Hajiya ta fito a hankali tana gyara farin mayafinta. Daidai nan Umma ta iso da ledar zare a hannu, ta tsaya turus.

Yaya ta miƙe, ta goge hannunta a jikin riga, ta je gaban Hajiya ta durƙusa ta gaishe ta. Sannan ta tashi ta yi magana da muryar nan tata da duk layin ke ji.

"Mama, ran nan a matakala na ga bakinku. Waccan mai zobe ta ce gado ne. Ke kika ce, in dai da gado a gidan, babu aure." Ta nuna ƙarafan. "Ga shi na fitar. Abba ne ya yi shi, yana da kyau, amma ku ɗauka. Ni na iya kwanan ƙasa yanzu. Sai a yi auren."

Ledar Umma ta faɗi, zare ya gangara ƙarƙashin mota, babu wanda ya bi shi. Da can ne, da mun yi dariya, a gyara mata a wuce. Amma wannan ta yaya ake gyara shi? Na so in yi shiru, in bar ta a kan nata fahimtar. Sai dai a gidanmu ba a taɓa barin ta da kalmar da ta ɗauka ba daidai ba, bakina ya riga ni. Na juyo da ita ta fuskance ni.

"Yaya, ba wannan gadon ake nufi ba."

Ta tsura wa leɓena ido. "Na Umma?"

"A'a."

"Guda biyu ne a gidanmu. Wanne kuma?"

Mai Batir ya matso, ya rage tsawo yadda za ta ga bakinsa. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Yaya, kuskure ne aka yi. Ki bari in mayar miki da shi sama, ni da kaina."

"Ba kai ka faɗa ba," ta ce, ta kawar da shi da hannu.

Ta koma gaban Hajiya. Ta gyara gilashinta, ta murɗa na'urar har ta yi ɗan fito, ta ɗaga kai don Hajiya ta fi ta tsawo nesa ba kusa ba.

"Mama, wane gado ne? Ki faɗa min, in fitar da shi."

Hajiya ta dubi ɗanta, ta dubi Umma, ta dubi kurjewar da ke hannun Yaya. Ta kama bakin mayafinta ta ja shi ta rufe fuskarta daga hanci zuwa ƙasa, na ji ta faɗi wani abu a ciki wanda ko ni mai kunne biyu ban ji ba.

Yaya ta jira. Da ta ga shiru, sai ta miƙa hannu ta taɓa gefen mayafin a hankali, da ladabi.

"Mama, ki sauke. In kin rufe baki ba na ji."